Salansa Uku a Rumfar Sallau

Ranar kasuwar Gujungu ya tsaya ƙofar rumfata,
jar mota, ƙofa biyu,
cikinta na shafar ƙasa kamar damo.
Ya ce rami ya cinye masa salansa.

Na sauko da uku daga ƙusa.
Ta farko 'yar Kwatano, mai kunya,
sai ka kasa kunne ka ji numfashinta.
Ta biyu ƙirar hannuna, bututun famfo,
takan yi tari da safe.
Ta uku baki biyu, sheƙi kamar sabuwar tasa,
in ta yi gyaran murya
zabi kan bar ƙwai a gona.

Na ce, "Nomau, ƙauyenku akwai masu jego,
akwai shanun huɗa,
ga liman da hawan jini."

Ya ɗaga ta ukun, yana leƙa cikinta.
"Idon Baba ya tafi bara.
Da yamma a dakali yake zama
yana ƙirga masu wucewa da kunne:
wannan babur ɗin Ilu, waccan a-kori-kura.
Sau biyu ina zuwa bai sani ba
sai da na kama hannunsa.
So nake ya ji ni tun daga gada."

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi.
Na ɗage ta yatsa uku saboda kwazazzaɓon hanyarsu,
tartsatsin walda na huda min riga.

Da ya tayar, mai shayi ya ɓarar da madara.
Na rage masa dubu biyu
ban gaya masa ba.