Kwana Arba'in a Aliero

A bayan akori-kura aka kawo ni,
kwance kan buhunan albasa,
ƙafar dama tana reto
kamar ba tare aka halicce mu ba.
Babur ɗin, na bashi ne,
yana can gindin kwalbatin Jega ya koma ƙarafa.

Tsoho Labbo bai yi mini sannu ba.
Ya tofa addu'a a tafinsa,
ya sa ƙarti biyu suka danne ni,
ya ja.
Na kira uwata da sunanta na yanka,
abin da bakina bai taɓa yi ba.
Ya jera karare, ya ɗaure, ya ce,
"Yi kukanka, yaro, ƙashi bai jin kuka.
Motsi na ka ɓata ɗori."

Sai na koyi zama,
ni da ko danja ban iya jira ba.
Azarar ɗakin goma sha bakwai ce,
ɗaya gara ta cinye rabinta
amma tana riƙe da rufin.

Tumba na zuwa ran kasuwa
da fura da saƙon mai babur.
Ba ta ce ta sayar da akuyarta ba.
Igiyar na gani,
ta ɗaure bakin ƙullin gari da ita.

Daren ashirin da uku
na kai hannu zan kwance ɗorin,
kome zai faru ya faru.
Wani ɗan Gwandu da raƙumi ya kayar,
yana kwance gefena, ya ce cikin duhu,
"Bari sai an yi asuba."
Aka yi asuba. Ban kwance ba.

Ta ƙofa nake kallon wani manomi a rudunsa.
Kullum sai ya bi albasar ɗaya-ɗaya,
ya zare wadda ta fara ruwa, ya yar,
ya juya sauran su sha iska.
Na fara yi wa tunanina haka
kafin ya ruɓar da ni.

Ran arba'in na miƙe da sanda.
Taku bakwai zuwa bakin zaure,
gumi har cikin ido.
Labbo ya kama babban yatsana
ya ɗora kan wani kulli a ƙwaurina.
"Ka ji? Nan ta karye.
Nan ta fi kauri."

Bashin na nan. Ɗingishin ma.
Idan hadari ya taso daga gabas
ƙafar kan riga manoma sani.
Nakan tsaya in shafa kullin,
in ce wa Tumba ta kwashe shanya.