Kafinta a Kurmin Dutse

Mun bar Poli kafin ladan ya gyara murya,
ni da Hamajoda mai gadin kurmi,
shi da gorar ruwa da tsohuwar adda,
ni da gwiwa mai ƙara, da igiyar awo a aljihu.
Ban yi niyyar ɗauko ta ba.
Shekara talatin ina goge katako a Garwa,
hannu ya saba, ba ya shawara da mai shi.

Hawan ya cinye hirarmu.
Gonakin dawa suka ƙare, dutse ya karɓa.
Rema uku a kan falale suna shan hantsi
kamar dattawan da suka gama biyan bashi.
Sai inuwa ta rufe mu gaba ɗaya,
sanyi ya shiga rigata babu sallama.

Maɗaci na fara gani.
Na yi masa kallon da mahauci ke yi wa sa:
ƙofa goma sha biyu, gadaje huɗu,
bencin makaranta har a gaji da ƙirga.
Na zaro igiya na zagaya,
igiya ta ƙare, gindin bai ƙare ba.
Hamajoda ya ce, "Kakan kakana
a nan yake fakewa da awakinsa,
tun a lokacin tsoho ake ce masa."
Na naɗe abata a hankali,
kamar wanda aka kama da hannu a tukunyar wani.

Muka gangara rafi.
Ya ɗaga yatsa, na haɗiye tarina.
Mazo ce, ja, da zanen fari a haƙarƙari,
tana shan ruwa, kunnuwanta na aikin gadi.
Gwiwata ta yi ƙas.
Ganye ya girgiza, wurin ya koma babu kowa,
sai zoben ruwa yana faɗaɗa.

Sawun damisa a laka, sabo,
tafin hannuna bai rufe shi ba.
Na ce, "Ka taɓa ganinta?"
Ya ce, "Sau biyu a shekara goma sha tara.
Ita kuwa kullum tana ganina."
Daga nan na daina tafiya a baya.

Birai suka zage mu daga kan kanya,
babbansu ya jefo ƙwallo ya sami hulata.
Cilakowa ta wuce da doguwar ƙorafinta.

Sai ga kawo a kwance, ya tare hanya,
tsawonsa ya fi shagona da na maƙwabcina.
Zuciyata ta yi zafi. Na ce, "Asara!
Ko turmi ba za a bari a sassaƙa ba?"
Ya durƙusa ya ɗaga ɓawo da bakin adda:
gara na gini, ƙadandoniya ta naɗe,
naman kaza ya jeru kamar faranti a kanta,
gansakuka ta yi shimfiɗa,
kuma daga ruɓaɓɓen cikinsa
ɗan tsiro mai ganye huɗu ya miƙe.
Ya mayar da ɓawon yadda ya same shi.
"Bai gama aiki ba," in ji shi.
"Sana'a kawai ya canza."

Muka ci ƙuli da rogo a gefensa.
Ban sake cewa kome ba har la'asar.

Yau ina shago, gwiwa a ɗaure.
Gambo yarona yana tambaya,
"Maigida, akwai katako a can?"
Na shafa allon da ke gabana,
layin shekarunsa sun fi nawa yawa,
ban taɓa tsayawa na duba ba.
Na ce, "Ban ga katako ba.
Miƙo min ƙusa,
kuma guntayen nan, kada ka kai su murhu."