Ƙanƙarata a Tashar Yawuri

Da assalatu na iso tashar Yawuri
Da sandar ƙanƙara goma sha biyu a buhu,
Na lulluɓe su da ƙaiƙayi da tsumma.
Bashi na ci na saye su daren jiya,
In kai su kasuwar tsallake kafin su koma ruwa.

Ɗantani ya ja igiya, inji ya kama,
An loda babura uku da buhunan albasa,
Akuya na kuka a ƙarƙashin benci,
Inna Ige ta rungume kwandon daddawarta.
Yaron jirgi har ya kwance mu daga turke
Sai ga wani da littafi ya tako bakin ruwa.

Ya ce, "Kashe injin."

Jaɓɓi aka rubuta a aljihun rigarsa,
Yaro ne, gemu bai rufe masa haɓa ba.
Ya ƙirga mu da biro kamar tumakin sayarwa,
Mu tamanin da huɗu, takarda ta ce hamsin.
Ya nemi rigunan ceto, aka zaƙulo tara,
Biyu daga ciki ɓera ya cinye sosonsu.

Ɗantani ya daki ƙirji:
"Shekara ashirin da shida ina wannan hanya,
Na san kowane kututture da sunansa,
Ba a haife ka ba na fara tuƙi!"
Wani ya naɗe 'yan kuɗi ya cusa a littafin,
Jaɓɓi ya zazzage su, suka faɗi a laka,
Ko kallo bai yi ba, kamar ba ruwansa.

Rana ta ɗaga. Buhuna ya fara hawaye.
Na ji ɗigon a kan yatsun ƙafata,
Kowane ɗigo ina jin sa a aljihu.
Na faɗa masa maganar da ba zan maimaita ba,
Har da uwarsa, Allah ya yafe mini.
Mai albasa ya taya ni, mai babur ya ƙara,
Shi kuwa ya naɗe wando ya sauka cikin jirgi.

Ya ɗaga katakon da muke takawa,
Ya durƙusa, ya shafa, ya ƙwanƙwasa,
Sannan ya dangwala biron a haƙarƙarin jirgi.
Ya shige
Kamar yatsa a cikin nunanniyar gwanda.
Ya zaro shi, bayansa wani siririn zare
Ya biyo, yana sheƙi, yana neman ƙafafunmu.
Tsumma da kwalta ne tsakaninmu da kogi.

Ba wanda ya ce uffan.
Inna Ige ta ɗauki kwandonta ta fita,
A bakin gaɓa ta zauna tana salati.

Aka kira Ladan kafinta daga cikin gari,
Guduma ta yi ta magana daga hantsi har la'asar.
Na kwance buhu, na ga abin da ya saura,
Goma sha biyu sun dawo kamar sabulun wanka.
Na ari moɗa da bokiti wajen mai shayi,
Na bi masu jira ina sayar da sanyi.
Jaɓɓi ma ya sha, ya biya, ya ce na gode,
Ni ban iya haɗa ido da shi ba.

Jirgi ya tashi da hamsin, rana ta yi ja,
Kowa da riga, wasu na aro daga wani jirgi.
Ban shiga ba. Me zan kai musu?
Na tsaya ina lissafin bashin mai firji
Har ƙarar injin ta ɓace bayan gungu.

Na isa gida da buhu jiƙaƙƙe a kafaɗa.
Kulu ta dube ni, ta ce, "Ina kaya?"
Na ce, "Ruwa ya ci."
Ta ji labari tana kwashe tuwo,
Ta tura mini kwano, ta ce,
"To, bar shi ya ƙoshi da wannan."