Jiniyar Kakuri

Yau ma Baba Tanimu ya riga ladan tashi,
ya sa rigarsa mai ruwan toka,
yana laluben katin aiki a aljihu.
Wai jiniyar masaƙa ta yi kuka,
kada a rufe ƙofa bai shiga ba.
An fi shekara ashirin da Kakuri ta yi tsit,
ciyawa ta kai ƙugu a bakin get,
amma a kunnensa zaren bai tsinke ba.

Na ce, Baba, yau Lahadi.
Kullum Lahadi nake ce masa.
Ya dube ni ya ce, Lantana,
sunan ƙanwarsa da ke kwance a Tudun Wada.
Na amsa. In ban amsa ba, wa zai amsa?

A asibiti Dakta Rifkatu ta juya takardar magani,
ta zana mini ƙwaƙwalwa da biro.
Ta ce can ciki, a wani lungu mai lanƙwasa,
akwai ƙwayoyin asali, iyayen gida,
masu haifo sababbi in na da sun gaji.
Shekaru na turawa, su kuma suna lafewa.
Ba duka suka mutu ba, in ji ta,
barci ne ya yi musu nauyi.
Masana na ta ƙwanƙwasa ƙofar,
a kan ɓeraye tukuna,
ba a kai ga sallamar da za su amsa ba.
Kada ki sa rai da yawa.
Ta yi shiru. Kada kuma ki cire.

Da muka hau gada a keke,
kogi ya cika, ja wur da ruwan Agusta,
Baba ya dafa gwiwata ya ce,
inji ba tsufa ke kashe shi ba, zama ne.
A ɗiga mai, a juya da hannu,
a saurara.
Ban san da wa yake ba.

Bayan isha'i ya hango zare
yana reto a gefen zanena.
Yatsun da ke zubar da koko a tabarma
suka kama bakin biyu,
suka ƙulla, ƙulli ɗan mitsitsi,
ko farce bai ji tudunsa ba.
Ya murza atamfar, ya taɓe baki:
wannan ba saƙarmu ba ce, 'yar nan.

'Yar nan.
Ba Lantana ba.
Bai kai ga sunana ba tukuna,
amma na bar fitilar a kunne.