Takardar Asali

A Ji'ara'e aka binne cibiyata,
gidan da famfo ba ya tari.
Ban san gata ba ne.
Na ɗauka haka gari ke waye wa kowa.

Uzoamaka kuwa Sabon Layi,
ɗaki biyu bayan shagon tayar babanta.
Shekara shida benci ɗaya,
Katsinancinta ya fi nawa gishiri.

Ranar karɓar takardar asali
magatakarda ya ji sunan kakana,
ya gyara hula, ya buga hatimi.
Ita ya ce mata, “Ina ne garinku?”
Ta ce, “Nan.”
Ya yi dariya.
Ni ma na murmusa,
murmushin da har yau yake ci na.

Yaya Mannir na keta unguwanni har tsakar dare,
ni sai da direba, kafin magariba.
Katangarmu doguwa ce,
tana kare ni, tana tsare ni.

Jiya na bi ta Sabon Layi.
Shagon ya koma wurin cajin waya.
Na tambayi yaron, bai taɓa jin sunan ba.
Sai na ɗaga gilashi
kada sanyin motar ya fita.