Baki Goma Sha Shida

Injina tara ke ruri a rumfar kwano ta bayan gidana,
a Hernandarias, inda ƙasa ja ce wur
kuma wuta ke da araha albarkacin madatsar ruwa.
Dare da rana suna haƙar kuɗin da hannu bai taɓa riƙewa ba,
babu diga, babu shebur, sai zafi da ƙugi.

Ranar Talata akwatin da ke raba musu layi ya mutu.
Na buɗe cikinsa da sukundireba:
jar ƙura ta shaƙe fankarsa,
ta daskare a jikin ƙarfe kamar ƙanzo.
Injina tara suka zama kurame,
suna cin wuta, ba mai jin kiransu.

Na hau bas zuwa Ciudad del Este,
ni da 'yata Liduvina da gorar ruwan sanyi.
A hawa na uku, shagon Nazih,
ya ɗauko mini wani dogo, baƙi, mai baki arba'in da takwas.
Ya ce, "Wannan yana da hankali, Crispín.
Daga kan gadonka za ka ba shi umarni,
ya raba hanya, ya tsare ƙofa, ya kawo maka rahoto."
Kuɗinsa ya kai rabin inji.
Hannuna har ya kama hanyar aljihu.

Liduvina ta taka mini ƙafa.
Ta ce, "Baba, injin nan ba surutu gare su ba.
Abin da guda yake aikawa a wuni
bai kai hotunan da nake turo maka ba.
Me akuya za ta yi da titin jirgi?
Tambaye shi wanda ba ya numfashi."

Nazih ya yi dariya, ya sunkuya ƙarƙashin kanta.
Ya fito da wani gajere, toka-toka,
jikin ƙarfe, ba fanka, ba abin da ke juyawa,
ba kalmar sirri, ba littafin koyo.
Baki goma sha shida.
Ka soka waya, ya kama aiki, shi ke nan iyakar iliminsa.
Na tambayi zafin da yake iya jurewa,
na tuna rumfata a watan Janairu,
lokacin da kwano ke gasa har inuwa.
Na ƙara da abin kare tsawa guda biyu,
don aradun garinmu ba ta sallama.

Da yamma na kafe shi a bango, nesa da bakin iskar injina,
sama da inda ruwa ke fantsama.
Waya tara, fitila tara koraye,
suna ƙyafta ido kamar 'yan makaranta sun ga malami.

Petrona ta leƙo da tsintsiya a hannu.
Ba ta ƙirga masu haske ba, ta ƙirga masu duhu.
Ta ce, "Bakwai a buɗe.
Na san ka. Baki buɗaɗɗe abinci yake nema.
Kafin Ista za ka ce min an yi rangwamen inji,
rufin kicin kuwa yana nan yana yoyo."
Na rantse mata. Ta share ƙofa ta tafi.

Gaskiya ta faɗa.
Dare da yawa na tsaya gaban ramukan nan
ina lissafi da yatsu,
ina duba farashi a waya, yana hawa, yana gangarowa
kamar guga a hannun yaro.

Jiya na shiga da fitila.
Baki na goma sha shida ya toshe da jan laka,
an shafe shi sumul, aikin gwani.
Zanzaro ya riga ni.
Na ɗauko tsinke, na tsaya, na mayar da shi aljihu.

Petrona ta ce, "Bar shi.
Cikin duk 'yan hayar rumfar nan,
shi kaɗai ne ba ya shan wuta."