Bashin Rigar Sanyi

Shekara talatin da ɗoriya ke nan
da masaƙar Kakuri ta tura ni Indiya
koyon zanen atamfa.
Na sauka da 'yar shara da takalmin roba,
sanyi ya sha min kwala kamar na ci kuɗinsa.
A bakin tasha, wata mai tallar rigunan sanyi
ta ji haƙorana na kaɗa kalangu,
ta jefo min wata ja, mai ƙaiƙayi a wuya.
Na laluba aljihu, ta girgiza kai.
Dolkar sunanta. Ta nuna arewa da haɓa:
gida na bayan dutsen can, Tibet.
A goye aka ƙetaro da ita,
ba ta ƙara sa ƙafa ba.

Masaƙa ta mutu, ciyawa ta cinye injuna.
Riga na ƙasan adaka, asu ya ɗanɗani hannu ɗaya.
Bana jikarta ta turo saƙo:
rufin makarantarsu na yoyo.

Na ce, to, mu baje zane.

Muka sami tsohon sito a Barnawa,
mai shi ya ce ku share, ku biya wuta.
Tanimu mai walda ya lanƙwasa rodi ya yi maratayi,
Kuyet ta zo da zane bakwai a Keke Napep,
ɗaya bai ko bushe ba, ya shafe mata zani.
Sidi mai fentin bayan tifa
ya kawo zakuna uku da mikiya riƙe da maciji,
ya ce kar a sa musu kuɗi ƙasa da na Kuyet.
Kwana biyu muna musu a kan ƙusa.

Mai shayin bakin titi ya miƙo min kofi:
"Baba, Tibet ɗin nan a wace jiha take?
Ga namu can zube a ajin firamare,
sun baro gona da rumbu,
ka tsallake su ka tafi bangon duniya?"
Na sha shayin nan da ƙaya a maƙogwaro.

Ran buɗewa hadari ya haɗo daga Kawo,
aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya kwanta.
Mutum goma sha tara, na ƙirga,
kowa na haska bango da fitilar waya.

Wata mai tallar gyaɗa ta shigo fakewa.
Ta dire faranti, ta tsaya gaban nawa,
dutsen da ban taɓa gani ba,
wanda na zana daga haɓar Dolkar.
Ta daɗe.
Ta ce, "Wannan ai dutsen garinmu ne.
Nan gindinsa rijiya take.
Ina ka kai kukar?"
Na buɗe baki zan gyara mata, na rufe.
Daga bayan Birnin Gwari take, damina uku ke nan.
Farin kan dutsen bai dame ta ba,
ta ce hazo ne na asuba.

Ta kwance bakin zani, naira ɗari a nannaɗe,
ta tura a akwatin kwali.
"A kai wa masu dutsen."
Ruwa ya tsagaita, ta ɗau farantinta,
ban ko tambayi sunanta ba.

Da dare muka zazzage akwati a tabarma.
Zaki biyu sun tafi, mikiya ta ƙi sayuwa.
Sidi ya lashi yatsa yana ƙirga,
ya yi kashi biyu bai tambayi kowa ba,
ba wanda ya tanka.
Ɗarin nan kaɗai muka rasa ɓangaren da za ta.

Na jiƙa buroshi,
na dasa kuka a gindin dutsen ƙanƙara,
da rijiya, da guga.
Sannan na zura jar rigar, duk da zufa.
Har yau wuyan na ƙaiƙayi.